Tsutsar Furen Wake: Baƙuwar da Ke Zuwa da Damina

Duk wanda ya taɓa noma wake a ƙasar Kano, ko Katsina, ko Maraɗi, ya san wannan takaicin. Gona ta yi kore shar, wake ya yaɗu ya rufe ƙasa, fure ya ɓarke, mai gona har ya fara lissafin buhunan da zai kai kasuwa. Kwana kaɗan sai a ga fure yana zuba kamar ana kakkaɓe shi. Wani ya ce ruwa ne ya yi yawa, wani ya ce iska ce, wani ma ya ɗora wa kambun baka. Amma in ka tsinci furen da ya yi yaushi ka tsaga shi da farce, sau da yawa za ka tarar da mai laifin a kwance a ciki: 'yar tsutsa fara-fara mai baƙin kai, da ɗigo-ɗigon baƙi jere a gadon bayanta, ta cinye cikin furen ta bar kashinta. Masana kimiyya suna kiran ta Maruca vitrata, malaman gona kuma sukan taƙaita su ce maruka. Asarar da take jawowa tana kamawa daga kashi 20 zuwa kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona, gwargwadon shekara da wuri.

Uwar tsutsar wata ƙaramar faɗa-wuta ce, cikin dangin nan masu tsinin baki da ya miƙe gaba, waɗanda ke da jinsi wajen 16,000 a duniya. Idan ta buɗe fukafukanta ba ta wuce santimita biyu da rabi ba. Na gaba ruwan ƙasa ne masu farar taga da ake hango haske ta cikinta, na baya kuma farare ne da bakin zane ruwan ƙasa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Fabricius ne ya fara bayanin ta a rubuce a 1787, kuma tsofaffin littattafan aikin gona sun daɗe suna kiran ta Maruca testulalis kafin a daidaita sunan. Ba mu kaɗai take damu ba. Tana Indiya da Tailan da Filifin, tana arewacin Ostareliya da tsibiran tekun Fasifik, tana Barazil. Duk inda ake da zafi da laima da dangin wake, tana nan. Sai dai babu inda ta fi cin rai kamar yankinmu, domin Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wannan wake a duniya, Nijar na bi mata. Ƙosai, alale, ɗan wake, garau-garau, da harawar da ake kiwata rago da ita, duk daga shuka ɗaya suke fitowa.

Yadda take rayuwa shi ne tushen wahalar magance ta, kuma a nan ya kamata a daɗe. Da rana uwar tana maƙale a ƙarƙashin ganye, ba ta fitowa sai dare. Ba ta zuba ƙwai a dunƙule wuri guda yadda manomi zai gani ya murje. Ɗaiɗaya ko 'yan kaɗan take sakawa, a kan tohon fure da furen da ya buɗe, kuma ƙanana ne da ido ba ya saurin kamawa. Cikin kwana uku ko makamancin haka sun ƙyanƙyashe. Jaririyar tsutsar ba ta ɓata lokaci a fili. Nan da nan take kutsawa cikin fure, ta ci sassan da za su zama kwanso, ta ƙaura zuwa wani furen. Tsutsa ɗaya takan lalata furanni da dama kafin ta girma. In ta yi ƙarfi sai ta koma kan ɗanyen kwanso ta huda shi, ta shiga tana cin 'ya'yan tun suna ruwa-ruwa.

Akwai alamar da ba ta ɓuya ga mai lura. Tsutsar tana fitar da zare kamar yanar gizo-gizo, ta ɗinke fure da ganye, ko kwanso biyu da suka jingina da juna, ta yi wa kanta ɗaki. A bakin ramin da ta huda za ka ga ɗan tsibin kashi mai danshi ya manne da zaren. Kusan kullum ramin yana daidai inda kwanso ya taɓa ɗan'uwansa, ko ya taɓa ganye ko kara. Shi ya sa masu bincike suka lura cewa irin waken da ke ɗaga 'ya'yansa sama da ganye a kan dogon sanda, kowane kwanso ya ware daga ɗan'uwansa, ya fi tsira fiye da wanda ke cusa su cikin duhun ganye. Bayan kamar mako biyu tana ci, sai ta sauka ƙasa ko cikin busasshen ganye ta naɗe kanta, ta ƙara mako guda, ta fito da fukafukai. Daga ƙwai zuwa uwa mai saka nata ƙwan bai cika wuce wata ɗaya ba, don haka a damina guda ana iya samun zuriya fiye da ɗaya a gona ɗaya.

Yanzu a dubi manomi da famfon feshi a bayansa. Maganin da ya saya a kasuwa sai ya taɓa jikin ƙwaro yake kashe shi, ita kuwa tana cikin fure, ko cikin kwanso, ko bayan labulen zarenta. Ɗan lokacin da take a fili, tsakanin ƙyanƙyashewa da shiga fure, ba ya da tsawo, kuma ba dukkansu ke ƙyanƙyashewa rana ɗaya ba. Idan ya jira har ya ga ramuka a kwanso, aikin gama ya gama. Abin da ya rage masa shi ne ya yi ta maimaitawa, sau shida, sau takwas a damina ɗaya, yawanci ba safar hannu, ba takunkumi, yana tafe cikin hazon maganin da silifas. Wasu kan haɗa magunguna biyu ko uku a famfo ɗaya don su ƙara masa kaifi. Tun a shekarun 1990 aka samu rahoton cewa marukar Nijeriya ta fara jure wa wasu daga cikin magungunan da aka fi amfani da su. Feshin kuma ba ya tantance abokin gaba da masoyi: yana kashe gizo-gizo da ƙananan zanzaro da sauran ƙwarin da ke farautar tsutsar kyauta.

Tambayar da ta daɗe tana ɗaure wa mutane kai ita ce: ina take zuwa da rani? Akwai ƙwarin gona da ke kwanciya a cikin kara ko ƙarƙashin ƙasa su yi barcin watanni har ruwa ya dawo. Tsutsar karan gero haka take, shi ya sa ake gargaɗi a kan barin kara a tsaye ko jibge shi kusa da gona. Maruka ba ta da wannan baiwar. Ba ta iya barcin rani. In ba fure, ba laima, mutuwa take yi. Binciken da aka yi da tarkon fitila a Kano da wasu wurare a shekarun 1990 ya nuna cewa da rani babu ita a arewa, sai damina ta kankama take bayyana, ta yi yawa daidai lokacin da wake ke fure, ta ɓace da shigowar hunturu.

Gidanta na dindindin yana kudu, a yankunan da ke da danshi kusa da teku da bakin koguna, a kudancin Nijeriya da Benin da Togo da Gana. Can akwai itatuwa da ciyayi dangin wake da ke fure a lokuta daban-daban na shekara, irin su gyaɗar kurmi da talaki, wanda ake rini da ganyensa. In wannan ya gama fure sai ta koma kan wancan, haka har shekara ta zagayo. Da iskar damina ta fara busowa daga teku tana tura ruwa arewa, sai ta biyo ta, zuriya bayan zuriya, tana yada zango a kan duk abin da ta samu yana fure, har ta iso gonakin Zariya, da Kano, da Damagaram. Ko a nan ɗin ba wake kaɗai take ci ba, tana samun mafaka a ciyayi irin zamarke. Ma'anar wannan ga manomi mai ɗaci ce: ko da ya kashe kowace tsutsa da ke gonarsa bana, bai rage ko ɗaya daga cikin waɗanda za su zo masa baɗi ba, domin ba 'ya'yan na gonarsa ba ne. Tsabtace gona da ƙone kara, da ke aiki a kan wasu ƙwarin, a nan ba su da wani tasiri.

Akwai kuma baƙunta ta biyu, wadda ta fi wannan zurfi. Wake ɗan gida ne, a Afirka ta Yamma aka fara noma shi shekaru dubbai da suka wuce. Ita kuwa maruka, masana da yawa suna ganin asalinta kudu maso gabashin Asiya ne, saboda can ne sauran 'yan'uwanta na jini suke, can ne kuma take da maƙiya da suka ƙware a kanta ita kaɗai. A nan Afirka ƙwarin da ke kai mata hari 'yan sa-kai ne, ba su rage ta yadda za a ji. Wannan tunani ne ya sa masu bincike na cibiyar binciken aikin gona ta IITA, reshenta da ke Kwatano, ƙarƙashin jagorancin Manuele Tamò, suka haɗa kai da Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya da ke Taiwan, suka kawo wasu ƙananan zanzaro guda biyu, Therophilus javanus da Phanerotoma syleptae. Ba sa harbin mutum. Aikinsu shi ne su saka ƙwansu cikin ƙwan maruka ko cikin ƙaramar tsutsarta, ɗansu ya cinye ta daga ciki. Daga wajen 2016 aka fara sakin su a Benin da Burkina Faso, daga baya aka faɗaɗa. Hikimar ita ce a sake su a kan itatuwan da tsutsar ke fakewa da rani, a rage ta tun daga tushe kafin ta kamo hanyar arewa. Daga Taiwan ɗin kuma aka samo wata ƙwayar cuta da ke kama maruka, wadda aka gwada haɗa ta da man darbejiya a matsayin feshi.

A ganina wannan aikin bai samu yayatawar da ta dace da shi ba, kuma dalilin a fili yake: ba abin da za a sa a kwalba a sayar. Zanzaron da aka saki a Benin zai amfani manomin Jigawa ba tare da ya san an yi ba, ba kuma wanda zai tsaya a gaban kyamara ya ce shi ya ba shi.

Hanyar da ta fi jan hankali, ta kuma fi jawo ce-ce-ku-ce, ita ce ta gyaran iri. Da farko an bi hanyar da aka saba. IITA tana da rumbun irin wake mafi girma a duniya a Ibadan, mai ɗauke da iri wajen 15,000, an kuma tantance su ana neman wanda tsutsar ba ta iya ci. Ba a samu mai ƙarfin da za a dogara da shi ba. An samu juriya a jikin wani waken daji, Vigna vexillata, amma ya ƙi barbaruwa da waken gida. Da wannan ƙofa ta rufe ne aka juya ga wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaitawa Bt. Wani masani a Japan ne ya fara gano ta a 1901 tana kashe tsutsar siliki. A 1911 wani Bajamushe mai suna Berliner ya sake samun ta a jikin matacciyar tsutsar garin alkama daga yankin Turingiya, ya raɗa mata sunan yankin. Abin sha'awa, waccan tsutsar garin ita ma cikin dangin masu tsinin baki take, wato 'yar'uwar maruka ce ta nesa. Bakteriyar tana yin wani sinadarin furotin wanda in tsutsa ta ci yake manne wa bangon hanjinta ya huda shi. Hanjin mutum da na dabba ba su da wurin da yake mannewa. Tun 1938 ake sayar da ita a matsayin maganin feshi a Faransa, kuma har gobe masu noman da ba sa amfani da magungunan zamani suna fesa ta a kan kayan lambu.

Abin da aka yi shi ne ɗauko ƙwayar halittar da ke yin wannan furotin, mai suna Cry1Ab, a sanya ta cikin wake, don tsutsar ta haɗu da ajalinta a cikin furen da take ɓuya. Kamfanin Monsanto, wanda Bayer ta saye daga baya, shi ya ba da ƙwayar halittar ba tare da neman kuɗin mallaka ba. T. J. Higgins da abokan aikinsa a hukumar bincike ta CSIRO a Ostareliya su suka yi nasarar shigar da ita, bayan shekaru wake yana gagarar masu irin wannan aiki. Gidauniyar AATF da ke Nairobi ta haɗa zaren. Gwajin gona a killace ya fara a 2009 a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku. Hukumar kula da lafiyar irin waɗannan halittu ta Nijeriya ta amince da shi a Janairun 2019, aka yi masa rajista da sunan SAMPEA 20-T a Disambar shekarar, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a Yunin 2021. Shi ne waken farko irinsa a duniya. Gana ta biyo baya da nata, Songotra-T, a 2024.

A kan maruka, irin yana aiki. Wannan ba abin musu ba ne ga wanda ya ga gonakin gwaji gefe da gefe. Yana nuna da wuri, yana kuma jure wa wuta-wuta, gadon da ya samu daga irin da aka gina shi a kai. Masu shi sun ce feshi biyu ya wadatar maimakon shida ko takwas.

To, me ya sa biyu, ba sifili ba? Nan ne masu tallata shi sukan yi saurin wucewa. Maruka ɗaya ce kawai cikin masu cin wake. Akwai darɓa da ke tsotse shi tun yana ƙarami. Akwai wasu baƙaƙen ƙwari sirara, ƙanana ƙwarai, da ke cika cikin fure su sa shi zuba, waɗanda a wasu shekarun ɓarnarsu ba ta gaza ta maruka ba. Akwai masu tsotsar kwanso su bar shi a shanye. Furotin ɗin Bt bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Manomin da aka gaya wa cewa ya samu waken da ƙwari ba sa ci, ya ajiye famfonsa, zai sha mamaki, kuma daga ranar ba zai ƙara yarda da malamin gona ba. Haka nan irin ba ya hana wake huhu a rumbu. Ƙwaron ajiya daban ne, kuma shi ne ke sa 'yan kasuwa zuba wa wake fiya-fiya. Saboda ragowar wannan guba ne Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, ta kuma yi ta sabunta haramcin. Maganin wannan matsalar ya riga ya samu, buhun nan mai leda biyu a ciki da Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro, wanda ke shaƙe ƙwaron ba tare da ɗigon magani ba. Masu cewa sabon iri zai buɗe mana kasuwar Turai suna haɗa ciwo biyu da ba su da alaƙa.

Masu adawa kuma, irin ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey, suna da tambayoyin da suka cancanci amsa: wa ke sa ido bayan an saki iri, ta yaya mai saye a kasuwar Dawanau zai san wane wake ne a cikin tiya tunda ba a rubuta wa wake suna, kuma ina makomar tsofaffin irinmu kamar kanannado in kowa ya koma ga iri ɗaya? Waɗannan maganganu ne na hankali. Amma abin da ya fi yawo a wayoyin mutane ba su ba ne. Ana cewa in ka shuka shi bana ba zai tsiro baɗi ba, alhali wake shuka ce mai barbarar kanta, kuma wannan irin ana ajiye shi a sake shukawa kamar kowane wake. Ana cewa yana hana haihuwa, ba tare da an kawo ko hujja ɗaya ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutum zai ji tsoron furotin da aka shafe shekaru sama da 80 ana fesawa a kan abinci, amma hankalinsa kwance da waken da aka yi wa wanka da maganin ƙwari sau takwas a gona, aka kuma ƙara masa fiya-fiya a shago.

Hatsarin gaske, wanda masanan da suka yi aikin su ma suka yarda da shi, shi ne tsutsar ta saba. Ya faru a wani wuri. A Afirka ta Kudu an shuka masara mai ɗauke da wannan Cry1Ab ɗin, kuma zuwa 2007 an tabbatar da cewa tsutsar karan masara ta fara cin ta tana rayuwa. Cikin dubban tsutsotsi ba a rasa 'yan ƙalilan da gubar ba ta kashewa. In su kaɗai suka rage, su za su auri juna su cika gona. Shi ya sa ake son a bar wani ɓangare na gona da waken da ba na Bt ba, don a samu masu rauni da za su gauraya da masu juriya, shi ya sa kuma ake aikin ƙara wa irin ƙwayar halitta ta biyu, Cry2Ab, domin da wuya tsutsa ɗaya ta jure wa guba biyu lokaci guda.

A nan hijirar nan tata ta shekara-shekara, da ta zame wa manomi annoba, ta juyo ta zama rufin asiri. Tunda marukar da ta iso arewa ba ta tsallake rani, ko da wasu sun fara jure wa Bt a gonakin Kano, akasarinsu hunturu zai share su tare da juriyar tasu, baɗi kuma sababbi ne za su taso daga itatuwan kudu, waɗanda ba su taɓa ɗanɗana shi ba. Lissafin da masana suka yi da kwamfuta ya nuna cewa in aka taƙaita noman wannan iri a arewa, juriya za ta daɗe ba ta bayyana ba, amma in ya bazu a kudu inda tsutsar ke zaune shekara duka, lokacin zai gajarta sosai. Sai dai iri ba ya bin taswira. Wake yana tafiya a buhu daga Dawanau zuwa Ibadan da Kwatano da Kumasi, kuma duk wanda ya ga yana da kyau zai ɗebi mudu ɗaya ya ajiye don shuka. Hana hakan ba zai yiwu ba, don haka irin mai ƙwayoyin halitta biyu yana bukatar ya iso hannun manoma kafin na yanzu ya gama bazuwa kudu, kuma sakin zanzaron nan a dazuzzukan da tsutsar ke rani yana bukatar kuɗin da zai ci gaba da tafiya bayan masu ba da tallafi na waje sun tattara nasu sun tafi.